Sefa 45,000 duk wata don a kula mana da imel: ra'ayina kan wani ɗan ofishi a Ngaundere

Mu masu dakon kaya ne. Kwantena za ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, jirgin ƙasa ya jawo ta zuwa nan Ngaundere inda layin dogo ya tsaya, mu kuma mu aza wa kamiyo, wato babbar motar kaya, ta nufi Chadi, ko dai ta Tuboro a faɗa Mundu, ko ta Garwa da Marwa da Kusiri a haye gadar Ngeli a shiga Njamena. Baffana ne mai kamfanin, ni kuma biro da lissafi ne a hannuna. Direbobi da 'yan kamasho da masu kaya duk a WhatsApp muke gamawa da su, amma banki da kamfanin jirgin ruwa da na inshora da wakilinmu na duwan, wato kwastan, ba su san wannan zance ba, sai imel. Tun da dokar canjin kuɗi ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta fara aiki a 2019 kuwa, duk kuɗin kirki da zai fita waje sai da tulin takardu, su ma ta imel suke kai-komo. Ranar da imel ya tsaya mana, kwantena na zaune ana lissafa mana kuɗin jira.

Shi ya sa abokan harka suke yawan tambayata wa yake kula mana da sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aikawa da ajiye saƙonninmu, nawa muke biya, kuma ko ya ci kuɗin. Wani ɗan ofishi ne a cikin gari, mutum biyu kacal: Injiniya, wanda ya yi karatun kwamfuta a jami'armu da ke Dang, sai wani yaro da ke koyon aiki a hannunsa. Sunan ofishin zan bar shi a cikina, don akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, kuma a wannan harka kowa ya san kowa. Muna biyan sefa 45,000 duk wata ta Orange Money a kan akwatin imel 18, kowanne giga 10, har da kuɗin hayar sabar. Kuɗin sabunta domen, wato sunan kamfaninmu da ke bayan alamar @, shi daban ne, shekara-shekara. Ya ci kuɗinsa, amma ba zan ce wa kowa ya rufe ido ya sa hannu ba.

Kafin su karɓi aikin a 2022, sabarmu wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburin kashiya, wani ya haɗa ta ya yi tafiyarsa. Duk wanda ya zauna a arewacin Kamaru ya san wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma in ruwa ya ja baya a Binuwai sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. A ɗauke wuta, batir ya riƙe na ɗan lokaci, ya ƙare, imel ya mutu. Abin da ya rufa mana asiri shi ne yadda aka gina tsarin imel tun asali: in sabar mai aikowa ta ƙwanƙwasa ba a buɗe ba, ba ta yar da saƙon, tana riƙe da shi tana sake gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura ta mayar wa mai shi. Saƙo bai cika ɓata ba ke nan, amma takardar sakin kaya da aka aiko da safe ta iso da la'asar, ai yinin ya riga ya tafi.

Abu na farko da Injiniya ya yi, ya kwashe komai ya mayar kan wata saba da ya yi haya a wata cibiyar ajiyar bayanai a Faransa. Baffa bai so ba.

"Malam Injiniya, yanzu takarduna na shekara da shekaru ka ɗauka ka kai wa Nasara ajiya?"

"Alhaji, ai ko suna nan ƙarƙashin tebur, duk saƙon da ka aika Dubai sai ya bi ta hannun wasu. Can dai ba a rabon wuta, kuma kowane dare zan riƙa sauko maka da kwafi nan biro."

Baffa ya ce in dai akwai kwafin da zai iya ɗora hannunsa a kai, to shi ke nan. Har yau akwai wani ɗan baƙin faifai a saman kabad ɗinsa, ba mai taɓa shi ko da sunan goge ƙura.

Kayan aikin da ke kan sabar ba nasa ba ne, kuma bai ɓoye mana ba. Postfix ne ke karɓa da aikawa, Dovecot ke riƙe akwatuna yana miƙa wa wayoyi da kwamfutoci, Rspamd ke tace shara, wato saƙonnin banza da na damfara, Roundcube kuma shi ne shafin da ake buɗewa a burauza. Dukansu kyauta ne, kowa na iya saukewa. Wani ɗan uwanmu da ya ji haka sai ya ce to kuɗin me muke biya? Kuɗin duban safe muke biya, kamar na yaron mota da ke zagaya kamiyo da asuba yana bubbuga tayoyi, yana leƙa ƙasa ko mai ya ɗiga, tun direba bai sha shayi ba. Kafin mu buɗe biro Injiniya ya riga ya duba layin saƙonnin da suka maƙale ba su fita ba, da sararin da ya rage a faifai, da ko kwafin daren jiya ya kammala, da ko wani ya kwana yana cankar kalmar sirrin wani. In ya ga abu sai ya turo min layi ɗaya: "Hajiya, akwatin kashiya ya kusa cika", ko "Hajiya, saƙo uku zuwa Mundu suna jira, sabar can ce ba ta amsawa." In bai turo komai ba, lafiya ke nan.

Rajistar saba ma ta taɓa fitar da mu kunya. Duk saƙon da ya shiga ko ya fita sai ta rubuta: daga wa, zuwa wa, ƙarfe nawa, wace saba ce ta karɓa, me ta amsa. Wani banki a Njamena ya kafe cewa ba mu aiko da takardun wani abokin ciniki a kan lokaci ba, mai kayan kuma yana nema ya ɗora mana asarar. Na kira Injiniya, ba a jima ba ya turo min layi guda daga rajistar: kwanan wata, ƙarfe 10:42 na safe, sunan sabar bankin, sai lamba 250, amsar da saba ke bayarwa in ta karɓi saƙo. Na buga a takarda, wakilinmu ya kai musu. Da suka bincika sai ga saƙon kwance a kwandon sharar ma'aikacinsu.

A watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Duk mai aika wa akwatin Gmail saƙo dole sabarsa ta nuna shaida da SPF ko DKIM, masu aika sama da 5,000 a rana kuma sai sun haɗa duka biyun har da DMARC. Injiniya ya zana min bayaninsu a bayan wata tsohuwar faktir, wato takardar neman biyan kuɗi. SPF jeri ne da kake wallafawa na sabobin da ka yarje wa su aika saƙo da sunan domen ɗinka. DKIM sa hannu ne na lissafi da sabarka ke bugawa a kan kowane saƙo, in aka taɓa saƙon a hanya sai ya ƙi dacewa. DMARC kuma umarni ne ga mai karɓa: in saƙo ya zo da sunana amma ya faɗi gwajin, ko ka bar shi ya wuce, ko ka jefa shi shara, ko ka ƙi karɓa gaba ɗaya.

Mu ba mu kai saƙo 200 a rana ba, amma ya haɗa mana duka ukun tun kafin wa'adi. Maƙwabcinmu mai dakon siminti, wanda sabarsa ba ta da mai duba ta, ya shigo biro da waya a hannu, saƙonninsa zuwa Gmail suna ta dawowa da lamba 550 5.7.26, shi a zatonsa matsalar rezo ce, wato layin intanet. Yawancin 'yan kasuwar Chadi da muke hulɗa da su kuwa Gmail gare su, ka ga mutum ya rasa hanyar tura musu faktir ke nan. Namu DMARC ɗin ma ba a tashi ɗaya aka ɗaure shi ba. Ya fara barin sa a matakin kallo yana karanta rahotannin da ke dawowa, a nan ne ya gano manhajar lissafinmu tana tura faktir da sunanmu ta wata hanya da ba a sa a jerin ba. Da ya ɗaure tun farko, da faktir ɗinmu za a fara korowa. Wannan haƙurin nake yaba masa.

Babbar jarrabawa daga Kusiri ta zo. Wakilinmu na can, dattijo mai amana, ya samu saƙo da Faransanci ɗauke da tambarin kamfaninmu, wai akwatinsa ya cika, ya latsa nan ya shigar da kalmar sirri ko a rufe shi. Ya latsa, ya shigar. Da tsakar dare aka fara watsa saƙonnin damfara ta akwatinsa zuwa dubban adireshi. Da asuba Injiniya ya tarar da layin fita ya cika maƙil, lambar sabarmu kuma ta hau jerin Spamhaus, jerin da sabobi da yawa a duniya suke dubawa kafin su karɓi saƙo. In kana ciki, da kai da ɗan damfara hukuncinku ɗaya.

Na je ofishinsa da kaina, na zauna a kan benci ina kallo. Ya fara rufe akwatin, ya katse duk wayar da ke haɗe da shi. Sannan ya dakatar da layin gaba ɗaya ya shiga tsince: na damfara ya share, namu na gaskiya ya ware su gefe. Ya buɗe saitin akwatin, sai ga wani umarni da ɓarawon ya dasa, cewa duk saƙon da ya shigo da maganar faktir ko biyan kuɗi a tura kwafinsa wani adireshi a waje. Ya juyo da allon ya nuna min da bakin biro.

"Hajiya, wannan ya fi sharar haɗari. Da kalmar sirri kaɗai muka canza, da yana nan zaune yana karanta ku."

Sai da ya tabbatar ba abin da ke fita sannan ya cika fom ɗin neman a cire mu daga jerin, don in ka nema alhali shara na ci gaba da fita, mayar da kai za a yi. Kafin azahar saƙonninmu sun fara tafiya, ban da wasu sabobi biyu-uku da suka ci gaba da ɗari-ɗari da mu na 'yan kwanaki. Da wakilin ya kira yana ta ba da haƙuri, Injiniya ya ce masa, "Baba, ba kanka farau ba. Daga yau dai duk saƙon da ya nemi kalmar sirri, ko da sunana ne a kai, ka kira ni tukuna." Wannan ya yi min daɗi, don wanda aka kunyata, gobe in ya sake latsawa ɓoyewa zai yi. Amma ga inda zan kushe. Iyakar adadin saƙon da akwati ɗaya zai iya fitarwa a awa, sai bayan wannan daren ya sa ta. Aikin 'yan mintuna ne, kuma da tana nan tun farko da wuya ɓarnar ta kai mu jerin. Na faɗa masa a gaban yaronsa, bai musa ba.

Akwai kuma abin da SPF da 'yan uwansa ba sa karewa, gara a sani. Suna hana wani ya aika saƙo da ainihin sunanka, ba sa hana shi yin rajistar suna mai kama da naka. Muna sayen tayoyi a hannun wani kamfani a Dubai. Ana cikin musayar saƙo kan wata oda sai ga amsa ta zo a cikin zaren maganar, faktir iri ɗaya, tambari ɗaya, sa hannu ɗaya, sai dai wai an samu matsala da bankinsu, a tura kuɗin wani asusu a wata ƙasa. A saman saƙon akwai jan layin da Injiniya ya saita sabar ta riƙa liƙawa: wannan adireshi bai taɓa rubuto mana ba. Mutanen da muka shekara muna ciniki da su? Na ƙura wa adireshin ido, ashe harafi ɗaya aka ƙara a tsakiyar sunan. Baffa yana tsaye a kaina da hula a ƙeya yana cewa, "Ke dai tura wa banki, mutanen nan ba sa wasa da lokaci." Na ce, "Baffa, bari dai mu kira su a tsohuwar lamba." Ba su canza asusu ba, akwatin ma'aikacinsu aka shiga. Jan layin nan yana damun 'yan biro, don yana fitowa a kan kowane sabon abokin ciniki, har sun roƙa a cire. Ban yarda ba.

Domen ɗinmu da .cm ya ƙare, na Kamaru, wanda hukumar ANTIC ke kula da shi, kamar yadda na Chadi ke ƙarewa da .td. Yatsun mutanen waje kuwa sun saba da .com, harafi ɗaya ne tsakani. Wani a China zai rantse ya aiko, alhali .com ya rubuta. Injiniya ya ba da shawara mu sayi .com ɗin ma mu karkato da shi, muka yi sa'a ba wanda ya riga mu.

Zaman saba a Faransa yana da nasa farashin. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya taɓa. Saƙonni suna isa sabar lafiya lau, mu ne muke fama kafin mu isa gare su, don ko saƙon da zan tura wa kashiya da ke teburin gabana sai ya je Turai ya dawo. Abin da ya taimaka, ya saita kwamfutocin biro su riƙe kwafin saƙonnin 'yan watanni, tsofaffin takardu na buɗuwa ko babu rezo.

Kwafin ajiya kam ba ya wasa da shi. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin OVH, wani kamfanin hayar saba, a birnin Strasbourg na Faransa, wasu da suka ajiye kwafinsu a wuri ɗaya da sabarsu suka rasa duka biyun. Namu uku ne: na kan sabar, wani a wata cibiya a wani gari, sai baƙin faifan Baffa. Ni abin da ke gabana dokar kasuwanci ta OHADA ce, wadda Kamaru da Chadi duk suke ƙarƙashinta, da ta ce a adana littattafan lissafi da takardun shaidarsu har shekara 10. Da yawan takardun nan yanzu a imel suke. Shi ya sa nakan gwada shi ba sanarwa, in ce ya dawo min da saƙon wane na watan kaza da aka share. Yakan kawo a yinin.

Sauran aikin na yau da gobe ne. Sabon ma'aikaci ya zo, a buɗe masa akwati a saita masa waya. Wani ya bar aiki, a rufe nasa a ranar, a karkato saƙonninsa wajena na wata uku, tsofaffin a naɗe a ajiye. Ya hana POP, tsarin da kan sauke saƙo a kwamfuta ɗaya ya share na kan saba, ya mayar da kowa IMAP, wanda ke barin saƙo a kan saba. Sai faɗan girman takardu, wanda ba ya ƙarewa. 'Yan biro su ɗauki hoton takardar lodi shafi 12 da waya su liƙa, saƙon ya dawo. Gmail ma mega 25 ne iyakarsa wajen aikawa, sabobin kamfanoni da yawa ba sa karɓar haka, ga shi fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa in aka naɗe shi cikin imel. Yaron Injiniya ya zo ya saita mana sikana ta riƙa fitar da PDF baƙi da fari, aka samu sauƙi, ban da wajen direbobi.

Babban aibin, wanda ya sa na ce kada a rufe ido, shi ne komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Takardar shaidar tsaron da ke sa wayoyi su yarda da sabar daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt yake karɓa, kyauta ce, kwana 90 take yi, kuma sabar ce ya kamata ta sabunta ta da kanta. Wani gyara da ya yi ya katse sabuntawar, duban safen nasa bai haɗa da wannan ba, wa'adin kuma ya tashi cika a ranar Babbar Sallah. Ana cikin fiɗa wayar Baffa ta fara nuna gargaɗi ta ƙi buɗe akwati, sannan tawa, sannan ta kowa. Mu muna hutu, amma abokan hulɗarmu na China ba sa hutun layya, kuma akwai takardar da muke jira. Injiniya ya tafi ƙauyensu wajen Tibati inda rezo sai an hau tudu. Yaron yana gari, ya ga matsalar, ya san maganinta, amma babban makullin saba ba ya hannunsa. Sai washegari da yamma aka gyara, aikin da bai kai minti biyar ba.

Daga nan na zauna na yi tambayar da ba mai son yi: in ta Allah ta kasance ga Injiniya, ko muka ɓata da shi, ina muka tsaya? Da na bincika sai na tarar hayar sabar da domen ɗin .com duk da sunansa aka yi rajista, da imel ɗinsa. Ba na zarginsa da mugun nufi, ya ce don sauri ne, katinsa ne ya biya. Amma mai riƙe da domen shi ke da ikon karkatar da duk saƙon da ya biyo ta kansa inda ya ga dama. Sai da na yi ta naci kafin aka mayar da su sunan kamfani, kuma ban ji daɗin jan ƙafar ba. Duk mai son ɗaukar irin wannan ofishi, wannan ya fara tambaya kafin farashi.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Rahoton wata da yake turowa Faransanci ne cike da kalmomin sana'a, Baffa bai taɓa wuce layin farko ba, alhali da baki mutumin ya iya bayani da Hausa da Fulatanci tiryan-tiryan. Rasit sai an roƙa. Roundcube ba shi da daɗin aiki a waya, neman tsohon saƙo a babban akwati kuma sai ka yi haƙuri. Tabbaci mai mataki biyu, wato lambar da ake ƙarawa bayan kalmar sirri, a shafin burauza kaɗai ya sa, manhajojin waya har yanzu kalmar sirri ce zalla. Saƙonnin Larabci daga Njamena ma sun sha faɗawa kwandon shara kafin ya koya wa matatar.

An sha ce min me ya sa ba za mu koma Google Workspace ko Microsoft 365 mu huta ba. Na yi lissafin. Ƙaramin tsarin Google kusan dalar Amurka 7 ne kan kowane mutum a wata, mutum 18 ya doshi sefa 70,000 ko ya haura, a biya da katin banki. Za ka samu manhaja mai kyau, da kalanda, da tsaro mai ƙarfi, kuma ba Sallar da za ta tsayar da su. Abin da ba za ka samu ba shi ne wanda zai ɗaga waya ya ce, "Hajiya, ina kwana, na gani, ina kai." Ko can ɗin ma sai an samu mai saita SPF da DKIM, mai rufe akwatin wanda ya tafi, mai lura da umarnin da ɓarawo ya dasa. Ofishin mutum uku ko huɗu, ni shawarata kada ya ɗauki saba, kamfanin imel na Zoho na da tsarin kyauta har mutum 5, ya ishe shi. Kamfanin da ya kai mutum ɗari kuma, ko wanda aikinsa ba ya tsayawa dare da rana, mutum ɗaya da yaronsa ba za su ɗauke shi ba. Mu da muke tsakiya, ofishin nan daidai mu ne.

Mun sabunta yarjejeniya bana, a rubuce wannan karon, shafi biyu. Domen biyu da hayar saba duk da sunan kamfani. Manyan kalmomin sirri an rubuta an rufe a ambulan, tana cikin akwatin ƙarfen Baffa, ana sake ta duk lokacin da aka canza. Yaron ya samu makullin da zai iya sabunta takardar tsaro da tayar da saba in maigidansa ba ya nan, sabar kuma tana turo gargaɗi wayoyinmu mu uku in saura kwana 14 wa'adi ya cika. Matsalar da ta tsayar da imel gaba ɗaya a amsa ta cikin awa biyu, ko ranar Sallah ce. Injiniya ya nemi ƙarin sefa 5,000 a kan wannan sharaɗi na ƙarshe, Baffa ya taya 2,000, suka daidaita a 3,000, daga watan Janairu.